Dokokin Kamaru kan talla, sirrin mai saye da intanet: abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani

 Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu na kasuwar Dakar da New Bell a Duwala yanzu suna tallata kaya a WhatsApp da Facebook, suna karɓar kuɗi ta Mobile Money da Orange Money. Ga dokokin da suka shafe su a taƙaice.

Ta farko ita ce dokar talla mai lamba 2006/018 ta 29 ga Disamba 2006, tare da dokar kare mai saye mai lamba 2011/012 ta 6 ga Mayu 2011. Sun hana tallar ƙarya, kuma sun ba mai saye haƙƙin sanin gaskiyar abin da zai saya. Shari'a ta riga ta hana algus, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim game da mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe. Saka hoton kaya mai kyau a aika da na banza algus ne. Sa abokai su yabi kaya alhali ba su saya ba ya yi kama da najashi, wanda aka hana.

Ta biyu ita ce dokar laifukan intanet mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010. Sashe na 78 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko duka biyun, ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da shi ba. Mai tura saƙo ba tare da bincike ba yana iya faɗawa ciki. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurce mu da bincike kafin ɗaukar labari.

Ta uku ita ce dokar kare yara a intanet mai lamba 2023/009 ta 25 ga Yuli 2023. Ta ɗora wa kamfanonin intanet nauyin kare yara daga abin da ke cutar da su. Wannan bai sauke nauyin iyaye da malamai ba, domin su za a tambaya ranar ƙiyama.

Ta huɗu, kuma mafi sabunta, ita ce dokar kare bayanan mutum mai lamba 2024/017 ta 23 ga Disamba 2024, wadda ta ba da wata 18 a daidaita aiki da ita, wato zuwa 23 ga Yuni 2026. Suna, lambar waya, hoto da katin ɗan ƙasa duk bayanan mutum ne. Asali shi ne a nemi yardar mai su kafin a tattara, kuma yana da haƙƙin ya ga abin da aka ajiye, ya sa a gyara ko a goge. Najeriya ma ta yi irin wannan doka a 2023.

Saboda haka muna jan hankalin masu shago, shugabannin adashi da kwamitocin masallatai da Islamiyya: rajistar sunaye da lambobin jama'a amana ce. Kada a ba wani ita, kada a sayar, kada a watsa hoton wanda ake bi bashi don a kunyata shi. Wanda aka cuta ya ajiye saƙonnin da shaidar biyan kuɗi, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar ANTIC.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin mutane. Allah ne mafi sani.