Daga Hirar Baba Zuwa Wayar Hannu: Wa Ake Tambaya Yanzu?

Yau za mu koma Giwa, a ƙasar Zazzau, ƙarshen shekarar 1949.

A lokacin wani masanin zamantakewa ɗan Jamaika, M. G. Smith, yana nazarin Zazzau. Matsalarsa ɗaya: baƙon namiji ba ya shiga gidan kulle. Sai matarsa Mary ta riƙa zama da wata tsohuwa mai suna Baba, suna hira da Hausa, tana rubutawa da hannu, har farkon 1950. Baba ta ba ta labarin harin bayi, zuwan Turawa, aurenta huɗu, ƙawance, bori, da riƙon 'ya'yan da ba ita ta haifa ba. Ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo ya fito a 1954. Mace ɗaya fa, amma har gobe ana karanta ta a jami'o'i.

To, mu tsallaka Amurka. A watan Janairun 2012, Facebook ya yi mako guda yana sauya abin da mutum 689,003 ke gani a shafinsu: wasu a rage musu labaran daɗi, wasu na baƙin ciki, don a ga ko yanayin rubutunsu zai canza. Ya canza, kaɗan. Da sakamakon ya fito a 2014 aka yi ca, domin ba wanda aka ce masa, "Malam, za mu yi gwaji da kai." Ita Baba ta san da wa take magana, kuma ita ke zaɓar abin da za ta faɗa.

Ban raina fasahar ba, wallahi. Da KoboToolbox a waya za ka cike tambayoyi a ƙauyen da babu sabis, ka tura idan ka shigo gari, ba takardar da ruwa zai jiƙa. Ɗalibi yau yana koyon SPSS, ya gama lissafin wata guda a yini.

Sai dai lokacin da nake aikin kammala digiri, Google Forms na haɗa, na watsa a guruf-guruf na WhatsApp. Amsoshi suka zubo, na yi murna. Da na duba da kyau, kusan duk 'yan ajinmu ne da abokansu. Na rubuta "ra'ayin al'umma" a kai, aka ba ni maki. Kakata tana ɗakin kusa da nawa, ba ta da waya, kuma ko tambaya ɗaya ban yi mata ba.