Nazarin Kalmar Homecoming: Asalinta da Ma'anarta

Kafin mu taɓa kalmar, ya kamata mu fayyace abu biyu. Idan muka ce asalin kalma, muna nufin saiwar da ta tsiro daga gare ta da sauye-sauyen da suka same ta a bakin masu harshe. Harɗaɗɗiyar kalma kuwa ita ce wadda aka gina da kalmomi biyu masu cin gashin kansu, kamar ci-rani a Hausa. Homecoming, wato dawowa gida a Ingilishi, irin wannan ce.

Sashenta na farko, home, ya fito daga ham na tsohon Ingilishi, harshen da ake yi a Ingila kafin Normandawa su ci ƙasar a 1066. A wancan zamani ma'anarsa ta wuce ɗaki da shinge, ta haɗa da gandu da ƙauyen dangi. Shi ne ya maƙale a ƙarshen sunayen garuruwa irin su Birmingham da Nottingham, kuma ɗan'uwansa na nan a Jamusanci, Heim. Sashe na biyu, coming, zuwa ke nan, kuma a ganinmu a nan zuciyar kalmar take. Mai cewa "zuwa" yana tsaye ne a ƙofar gida yana hangen matafiyi. Bahaushe ya san wannan bambanci sarai: wanda ke Kurmi cewa yake zai koma, mahaifiyarsa a Katsina kuwa cewa take ya dawo.

Akwai kishiyarta, repatriation, mai asali daga Latin. An gina ta da re, ɗafa-goshi (wato ƙwayar ma'ana da ake liƙawa a gaban saiwa) mai nuna komawa, da patria, ƙasar uba. Ita ake faɗa wa fursunan yaƙi da ɗan gudun hijira da gawa, har da kayan tarihi, kamar tagullar Benin da Jamus ta maido wa Nijeriya a Disamban 2022. A nan wani ne ke ɗauko abin ya kawo.

Amurkawa sun ƙara wa homecoming ma'ana ta biyu: bikin da tsofaffin ɗalibai ke dawowa makarantarsu, kamar wanda Jami'ar Missouri ta shirya a 1911 lokacin wasan ƙwallo da Kansas.

Saboda haka mai fassara ya lura: wanda ya zo da ƙafarsa ya dawo, wanda aka kawo kuwa maido shi aka yi.