Manyan Bairos: Tarihin Gano Su da Asalin Ƙwayoyin Gadonsu

Manyan bairos rukuni ne na ƙwayoyin bairos da girmansu ya kai na wasu bakteriya, har ana ganinsu da madubin bincike na yau da kullum. Sun daɗe a ruwa da ƙasa ba a san da su ba, kuma tsarin binciken kansa ne ya ɓoye su. Tun shekarun 1890, lokacin da Dmitri Ivanovsky da Martinus Beijerinck suka yi nazarin cutar ganyen taba, masana suka saba gane bairos da iya wuce matatar da ke tare bakteriya. Duk abin da matata ta riƙe, sai a sa shi a sahun bakteriya. Haka ta faru a 1992, da Timothy Rowbotham ya samo wata ƙwaya a cikin amiba daga ruwan hasumiyar sanyaya iska a Bradford ta Ingila. Sai a 2003 Bernard La Scola da Didier Raoult da abokan aikinsu a Marseille ta Faransa suka tabbatar bairos ce, aka raɗa mata suna Mimivirus.

Da aka karanta DNA ɗinta a 2004, aka tarar da haruffa kusan miliyan 1.2 da ƙwayoyin gado kusan 1,000, ciki har da na wasu sinadaran haɗa furotin da ake ganin tantanin halitta ne kaɗai ke da su. Daga nan wasu masana suka ce waɗannan bairos ɓurɓushin wani reshe na huɗu ne na rayuwa, ban da ukun da aka sani, tantani ne da ya koma zaman ci-ma-zaune har ya zubar da yawancin kayansa. Magana ce mai jan hankali, amma hujjojin da suka biyo baya sun fi nuna akasin haka: ƙananan bairos ne suka yi ta tara ƙwayoyin gado sannu a hankali. A 2017 Frederik Schulz da abokansa suka bayyana Klosneuvirus daga wurin tace ruwan datti a Klosterneuburg ta Ostiriya, suka bi salsalar ƙwayoyinta na haɗa furotin ɗaya bayan ɗaya, suka ga daga halittu daban-daban aka tsinto su, a lokuta daban-daban. Tupanvirus ta Brazil, wadda aka sanar a 2018, tana da sinadarai 20 masu ɗora tubalan furotin, amma ko ita ba ta da ribosom, injin da ke haɗa furotin ɗin.

Batun datsa da ɗinkin saƙon gado ya ƙara wa ra'ayin tara ƙwayoyin gado sannu a hankali nauyi. A 1977 Richard Roberts da Phillip Sharp, kowa da ɗakin bincikensa, suka gano a cikin adenobairos cewa ƙwayar gado kan zo a yayyanke, da tsakure marasa saƙo a tsakani, waɗanda ake kira intiron. Sai an cire su daga RNA, an haɗa sauran kamar yadda tela ke haɗa ƙyallaye, kafin furotin ya samu. Mimivirus tana hayayyafa a wajen cibiyar tantani, inda injin datsa na amiba ba ya kaiwa, kuma intiron ɗinta irin masu iya yanke kansu ne. A Faustovirus, wata babbar bairos, ƙwayar gadon babban furotin na ɓawonta ta bazu a kan haruffa kusan 17,000, alhali saƙon da ke ciki bai kai 2,000 ba. Pandoravirus kuwa, wadda Jean-Michel Claverie da Chantal Abergel suka bayyana a 2013 daga gaɓar tekun Chile da wani tafki kusa da Melbourne, ta dogara da cibiyar tantanin amiba, kuma intiron ɗinta irin na amibar ne, masu buƙatar injin mai masauki. Wato kowace ta ɗauki salon datsar da mazauninta ya ba ta dama. Da gadon kaka ɗaya ne mai tantani, da an sa ran ganin salo ɗaya.

Mai ja zai ce: idan tsince ne, ina aka tsinto fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin gadon Pandoravirus salinus, waɗanda ba su yi kama da na wata halitta da aka sani ba? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma ta cancanci amsa. Wani ɓangare na amsar shi ne ƙarancin halittun da aka karanta DNA ɗinsu. Babban ɓangaren ya zo a 2018, da Matthieu Legendre da masu binciken Marseille suka kwatanta Pandoravirus guda 6, suka ga kowace na da marayun ƙwayoyin gado nata na kanta, gajeru, masu kama da filin DNA da ke tsakanin tsofaffin ƙwayoyin. Suka kawo shawarar cewa a nan cikin gida ake ƙirƙiro su. Ba a gama tabbatar da wannan ba, kuma har yau akwai masu riƙe da ra'ayin tsohon tantani, sai dai ra'ayin nasu bai bayyana dalilin da ya sa 'yan uwa na kusa za su bambanta da marayu masu yawa haka ba, domin abin da aka gada daga kaka ɗaya ya kamata a same shi a wajen jikoki da dama.