Makon Da Ya Zama Wata: Malam Woodson Da Tarihin Baƙar Fata

Jama'a, duk mai sauraren rediyon ƙasashen waje ya sha jin ana batun Watan Tarihin Baƙar Fata a Amurka in Fabrairu ta kama. Da yawanmu mun ɗauka gwamnati ce ta ga dama ta yi musu kyauta. Ko kusa. Sai da aka shekara 50 ana abin kafin shugaban ƙasa ya sa baki.

Wanda ya ɗauko shi sunansa Carter G. Woodson. An haife shi a 1875 a Jihar Bajiniya, uwa da uba duk sun yi bauta. Talauci ya hana shi zaman aji, ya shiga ramin haƙar kwal, irin aikin nan da muka sani a Inugu, sai da ya kai shekara 20 ya samu shiga sakandare. Amma da ya kama bai saki ba. A 1912 ya karɓi digirin dakta a Jami'ar Harvard, shi ne baƙar fata na biyu da ya yi haka, bayan W.E.B. Du Bois.

To, karatun nan shi ya nuna masa ciwon. Ya duba littattafan da ake koya wa yara, ya tarar in an ambaci baƙin mutum, to bawa ne a gonar auduga, shi ke nan. Ba malami, ba soja, ba maƙeri. Mu da muke zaune a garuruwan wasu mun san zafin wannan: yaro ya haddace labarin kowa a makaranta, amma bai san wane ne ya fara sauke kaya a unguwar da aka haife shi ba. A 1915 Woodson da abokansa suka kafa ƙungiyar binciken rayuwa da tarihin baƙar fata a Shikago, a 1916 suka fara buga mujalla. Da ya ga mujalla a hannun masana kawai take tsayawa, sai a Fabrairun 1926 ya yi shelar mako guda na tarihi, don abin ya shiga makarantu da coci-coci.

Akwai masu cewa wai don wulaƙanci aka ba su watan da ya fi kowane gajarta. Ba haka ba ne, shi Woodson ya zaɓa da kansa. Ranar 12 ga wata aka haifi Abraham Lincoln, wanda ya sa hannu a takardar 'yanta bayi a 1863. Ranar 14 kuma ta Frederick Douglass ce, wanda ya tsere daga bauta a 1838 ya zama babban mai faɗa da ita. Shi bai ma san ranar haihuwarsa ba, don bawa ba a rubuta masa, zaɓa ya yi. Da ma can mutanensu suna bikin ranakun biyu. Wato dai malamin ya tarar kasuwa na ci, ya shimfiɗa tabarmarsa.

Abin da ya fi burge mu, ba yabon manya biyu ya dame shi ba. So yake a san manomi da mai wanki da malamar ƙauye, waɗanda su ne jama'ar. Da makon ya karɓu, 'yan neman suna suka yi ca a kai, har ya gargaɗi malamai kada su gayyato mai jawabin da ɗalibai suka fi shi sani. Wanda ya taɓa shirya taron ƙungiya ya san irinsu!

Ya rasu a 1950, abin yana mako. Ɗalibai da malamai baƙar fata na Jami'ar Kent a Ohayo suka yi wata cur a 1970, sannan a 1976, shekarar da Amurka ta cika 200, Shugaba Gerald Ford ya amince da watan. Saura ma suka samu nasu: masu asali da ƙasashen da ke jin Sifaniyanci, makonsu na 1968 ya zama wata a 1988, mutanen ƙasar na asali aka ba su Nuwamba a 1990. A Ingila wani ɗan Gana, Akyaaba Addai-Sebo, shi ya ja gaba aka fara a Landan a Oktoban 1987. Majalisar Kanada ta bi sahu a 1995.

Ba kowa ya yi na'am ba. A 2005 ɗan wasan fim Morgan Freeman ya soki abin, a ganinsa tarihin baƙar fata tarihin Amurka ne, ba a ƙunshe shi a wata ɗaya. A namu ganin yana da gaskiya, sai dai Woodson ya riga shi: shi ma fatarsa a kai ranar da za a riƙa koyarwa duk shekara, makon ya zama ba a bukatarsa. A wurinsa makon na baje abin da aka tara ne, aikin kuwa sauran watannin ake yi. Bai taɓa aure ba. A saman bene yake kwana a gidansa na Washinton, ofishin ƙungiya na ƙasa, yana bin tsofaffin wasiƙu da takardun iyalai yana tarawa, har ya miƙa dubbansu ga ɗakin karatu na Majalisar Amurka.