Tarihin Baƙaƙe Masu Ƙugiya da Ajami a Gaban Injin Rubutu: Daga Alƙalamin Salga zuwa Kwamfutocin Zangunan Akara

1.0 Gabatarwa

A unguwar New Town ta birnin Akara, wadda ke maƙwabtaka da Alajo da Nima da Maamobi, akwai shagunan ɗab'i masu yawa da ake buga katin biki da takardar sanarwa da littattafan makarantun Islamiyya. Mai kawo rubutun Hausa irin waɗannan shaguna yakan ci karo da matsala guda: ya rubuta ƙasa a kwamfutarsa, a buɗe takardar a wata kwamfuta sai a ga kasa, ko a ga wani ɗan akwati a gurbin harafin farko. Idan kuwa Ajami ya kawo, wahalar ta ninka. Wannan ƙorafi ya girmi kwamfuta da shekaru masu yawa. Asalinsa yana komawa ga lokacin da rubutun Hausa ya bar hannun mai alƙalami ya shiga hannun inji, domin kowane inji da ya zo an ƙera shi ne da wasu harsuna a zuciya.

2.0 Zamanin Alƙalami da Tawada

Fataucin goro ne ya kai Hausawa ƙasar Gwanja, inda kasuwar Salga ta zama matattara. Bayan yaƙin basasar Salga na 1892, fatake da malamai sun watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akara. Daga cikinsu akwai Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ciki har da Waƙar Talauci da Wadata, ya kuma wallafa littafi a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. A Akara kuwa, Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, sannan Nima ta bunƙasa daga shekarun 1930 a kan filin da aka bai wa Malam Amadu Futa.

Malaman wannan zamani ba su san ƙorafin rashin harafi ba. Idan baƙaƙen Larabci suka gaza ɗaukar wani sautin Hausa, sai malami ya ƙara ɗigo, ko ya ari wani baƙi ya ɗora masa aikin. Ɗigon imala da ake sa wa a ƙarƙashin baƙi a ƙira'ar Warshu shi ya ɗauki wasalin e. Alƙalamin kara ba ya ƙin abin da hannu ya umarce shi.

Da Turawa suka so buga irin wannan rubutu, sai suka tarar injin ba shi da shi. Littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausawa na R. S. Rattray, wanda aka buga a Oxford a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta shi da Ajami a Gwalkwas, kuma hoton rubutun hannunsa aka ɗauka aka buga, ba a jera shi da baƙaƙen dalma ba. Bayan rabin ƙarni, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, wadda aka kafa a 1961, ta bi irin wannan hanya. Ivor Wilks da abokan aikinsa sun tattara rubuce-rubucen malamai na Larabci da Hausa, suka ɗauki hotonsu, suka mayar wa masu su. Har kwanan baya, hoto ne kaɗai amintacciyar hanyar yaɗa Ajami.

3.0 Yadda Ƙugiya ta Shigo Boko

Boko ma bai zo da ɓ da ɗ da ƙ ba. Turawan farko sun yi ta lalube: wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin b da d da k, wasu kuma suka sa ɗan waƙafi a gefen harafin, kamar yadda ƙamusun Bargery na 1934 ya yi. A wannan lokaci wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da aka kafa a Landan a 1926, wadda Bajamushe Diedrich Westermann ke cikin jagororinta, tana kira da a bai wa kowane sauti harafinsa na kansa. Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta karɓi baƙaƙe masu ƙugiya a shekarun 1930, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939, ta kai su gidajen masu karatu.

Maɗaba'a tana iya sa a zuba mata baƙaƙen dalma na musamman. Akawu mai tafireta ba shi da wannan gata. Tafiretar Ingilishi b da d da k kawai ta sani, don haka sai a gama bugu, a zare takarda, a bi layi-layi da biro ana ɗora ƙugiya. Wanda ya gaji ya bari. A shekarun 1980 an yi yunƙurin samar da jerin baƙaƙe guda da zai wadaci harsunan Najeriya, har mashahurin mai zana haruffa Hermann Zapf ya sa hannu a aikin, amma kafin ya game ofisoshi kwamfuta ta riga ta kunno kai.

Halin Gana ya bambanta da na Arewacin Najeriya. Hukumar harsunan Gana, wadda ta samo asali a 1951, tana buga littattafai da harsuna goma sha ɗaya, irin su Tiwi da Ga da Ewe da Dagbani, kuma Hausa ba ta cikinsu, duk da cewa gidan rediyon ƙasar ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Saboda haka maɗaba'un Akara sun saba da ɛ da ɔ da ŋ, sun kuma san ɖ ta Ewe mai wutsiya a ƙasa, wadda ba ita ce ɗ ta Hausa mai ƙugiya a sama ba. Hausar zango ta rayu a baki da rediyo da wa'azi, littattafanta na boko kuwa daga Zariya da Kano suke zuwa.

4.0 Kwamfuta da Rabuwar Kawuna

Tsarin lambobin haruffa na ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurbi 128 kawai yake da shi. Da aka faɗaɗa shi zuwa 256, sai aka cike sabbin guraben da haruffan Yammacin Turai, kuma kowane kamfani ya jera su yadda ya ga dama. Jerin Windows daban, na Macintosh daban. Babu ɗayansu da ya tanadi gurbi don ƙ.

Masana Hausa ba su zauna jira ba. A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera zubin haruffan da aka sani da Rabi'at da Abdalla. Dabarar ita ce a ɗauki gurbin wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba a zana baƙaƙen Hausa a kansu. Wannan aiki ya ceci kundayen digiri da mujallu da littattafai masu yawa. Sai dai a cikin kwamfutar, harafin yana nan a matsayin tsohuwar alamarsa. Riga kawai aka sauya masa. Idan takardar ta isa kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai rigar ta zame, ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓata ta koma ~ata. Har yau ana tsintar irin wannan rubutu a intanet, kuma mai neman kalmar ƙasa ba zai same ta a cikinsa ba.

Maganin asali shi ne Unicode, wanda ya fito a 1991 da nufin bai wa kowane harafi na duniya lamba ɗaya da ba ta sauyawa. Baƙaƙen Hausa masu ƙugiya, manya da ƙanana, sun sami lambobinsu tun a farkon tafiyar. Amma lamba kaɗai ba ta buga littafi. Sai an sami abubuwa uku a tare: zubin haruffa mai ɗauke da siffar harafin, da allon madannai mai fitar da shi, da manhaja mai gane lambar. A nan ne ƙorafin masu sana'a ya fi yawa, domin kowace babbar manhaja da nata giɓin.

Manhajar tsara shafi ta QuarkXPress, wadda gidajen jaridu suka daɗe suna dogaro da ita, ba ta karɓi Unicode ba sai a fitowarta ta 7 a 2006. CorelDRAW, wadda shagunan ɗab'i na Afirka ta Yamma suka fi sabawa da ita, ta yi shekaru masu yawa ba ta da sabon samfuri na Mac, sai a 2019 ta koma. Word na Mac bai iya tafiyar da rubutu daga dama zuwa hagu yadda ya kamata ba sai a 2016, alhali na Windows ya daɗe da iyawa. InDesign kuwa sai an nemi samfurinsa na Gabas ta Tsakiya kafin a sami cikakkun kayan aikin Larabci. Malamin Islamiyya da ya shirya littafi mai aya da Larabci da fassara da Hausa yana buƙatar duka biyun a shafi ɗaya, kuma shi ne ya fi kowa shan wahala. Windows daga baya ya zo da allon madannai na Hausa. Linux ma yana da shi, har da zaɓin Hausar Gana daban da ta Najeriya, sai dai manyan manhajojin da maɗaba'u ke aiki da su ba a yi su don Linux ba. Wanda ya sami harafi a nan sai ya rasa manhaja, wanda ya sami manhaja a can sai ya rasa harafi.

5.0 Jinkirin Ajami

Ajami ya fi boko jira. Baƙaƙen Larabci da kwamfuta ta fara sani na Gabas ne, alhali a rubutun allo na ƙasar Hausa fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya take da shi a sama. Sai a 2016 Unicode ya ware wa waɗannan siffofi na Warshu lambobinsu, sannan a 2020 ya ƙara wasu baƙaƙe da ake rubuta Hausa da Wolof da su. Ƙungiyar SIL ta fitar da zubin Harmattan, da kuma Alkalami wanda ya kwaikwayi hannun Kano. Tsakanin littafin Malam Shaihu da ranar da aka iya buga irin rubutunsa da madannai, an haura shekara ɗari.

6.0 Abin da Ɗalibin Hausa ke Asara

Wani zai ce mai harshe yana gane ma'ana ko babu ƙugiya. Bakano ko Basakkwace yakan gane, domin kunnensa ya riga ya bambance kare da ƙare, da bari da ɓari, da karya da ƙarya, da kafa da ƙafa. A zangunan Akara lamarin ya sha bamban. Hausa ce harshen hulɗa tsakanin Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani da sauransu, kuma da yawa daga masu magana da ita ba sa bambance k da ƙ ko b da ɓ a furuci. Yaron da ya tashi a Nima ko Maamobi, in yana son ya koyi daidaitacciyar Hausa, a takarda zai ga bambancin da kunnensa bai ba shi ba. Idan takardar ma ta zubar da ƙugiya, babu inda zai same shi. Ƙamus ma ba zai taimake shi ba, domin k da ƙ babi daban-daban ne.

7.0 Kammalawa

A yau wayar hannu ta riga kwamfutar ofis sauƙaƙa lamarin, tunda allon Gboard yana da Hausa, kuma Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013. Sauran aikin na marubuta da masu ɗab'i ne. Mai shirya rubutu ya yi amfani da baƙaƙen Unicode, ya zaɓi zubin da ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ manya da ƙanana, ya mayar da aikin PDF kafin ya kai shago, ya kuma duba gwajin farko da idonsa. Tsofaffin kundayen da aka buga da Rabi'at suna buƙatar a juya su zuwa Unicode tun ana iya buɗe su. Rubuce-rubucen Ajami da ke ajiye a Legon da gidajen malaman zango kuwa, yanzu akwai baƙaƙen da za a buga su da su, in an sami masu zama su yi.