Jiran Kashi Na Biyu

Ran nan da la'asar, bayan mun tashi daga karatu a rumfarmu ta yaƙi da jahilci a nan Hawandawaki, wata ɗalibata ta tsaya har kowa ya watse. Shekarunta ba su fi goma sha bakwai ba, kuma bana ne ta iya haɗa baƙi sosai. Ta zaro wani tsohon littafin hikaya daga cikin mayafinta, bangonsa duk ya yage, ta ce, "Malam, na gama wannan. Ina kashi na biyu?"

Na karɓa na juya shafin ƙarshe. Ga shi an rubuta a nemi ci gaban labari a littafi na gaba, a ƙasa kuma an jera sunayen waɗansu littattafai da aka ce suna nan tafe. A Kano aka buga shi, tun ba a haifi yarinyar ba. Na ce mata zan tambaya. Ni ma na taɓa yin irin wannan jira shekara guda cur, sa'ad da nake makarantar horon malamai a Maraɗi, amma ban gaya mata ba. Tambayar tata ce ta sa na ga ya kamata in ba masu karatu tarihin wannan jira, gama ya girme ta, ya kuma girme ni.

Tun kafin zuwan boko Hausawa suna da rubutunsu na ajami, amma abin da aka fi rubutawa da shi waƙoƙin addini ne, da wa'azi, da wasiƙu, da tarihin sarakuna. Labarin da aka ƙaga kuwa a baka yake, watau tatsuniya, aikin tsofaffin mata da yara da dare. Da Turawan Ingila suka buɗe makarantu a arewacin Nijeriya, sai aka wayi gari ga yara sun iya karatu, amma ba su da abin karantawa in ban da littafin aji. Saboda haka a 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabancin ofishin fassara a Zariya, ya zaga garuruwa yana roƙon malamai su rubuta dogayen labarai da Hausa, aka sa abin ya zama gasa. Bai sha da sauƙi ba, don manyan malamai suna ganin ƙaga labari bai dace da mai ilimi ba.

Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa, aka fara buga su a 1934. Su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Yau in an ambaci waɗannan sunaye sai mu ga dattawa masu rawani. To, a duba shekarunsu. An haifi Imam a 1911, Ɓalewa a 1912. Ke nan sa'ad da suka ɗauki alƙalami, ɗaya yana da shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina, ɗayan yana da 21 yana koyarwa a Bauci. Samari ne suka rubuta wa samari, shi ya sa har gobe yaro ke dariyar tsiyar da ake yi wa Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja.

Daga nan Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, suka fito tsakanin 1937 da 1939. Wanda ya karanta na farko ya san yadda aka gina shi: aku ne ke tsare ɗan sarki da labari dare bayan dare, don kada ya fita. Ashe tun a can marubucin Hausa ya gane cewa da ƙishin abin da zai faru gaba ake riƙe yaro. A 1939 ɗin ne kuma aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam na editanta.

Cikin shekarun 1950 gwamnatin arewacin Nijeriya ta tashi haiƙan da yaƙi da jahilci, irin aikin da muke yi yanzu, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin jagororinsa. Aka kafa hukumar NORLA a Zariya don ta samar wa sababbin masu karatu abin karantawa. Ta buga ƙananan littattafai masu arha, da jaridun larduna, kamar Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano. Mutanen nan sun gane abin da kowane malamin manya ya sani: wanda ya koyi karatu da rani, in damina ta wuce bai buɗe takarda ba, sai baƙaƙen su gudu, a sake komawa farko. Hukumar ba ta daɗe ba, an rufe ta a 1959. Kamfanin NNPC da aka kafa a 1966 ya gaji aikin, ya fitar da littattafai masu kyau, har da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, labarin yaron da aka tafi da shi sararin sama. Sai dai littattafan kaɗan ne, kuma yawancinsu don makaranta aka yi su. Yaro kan karanta abin da aka sa masa a jarrabawa, ba abin da ransa ke so ba.

Mu a nan Nijar hanyarmu dabam ce. Lakwal ta Faransa ba ta koyar da Hausa ba, saboda haka karatun Hausa da boko ta ƙofar yaƙi da jahilci ya shigo mana, bayan samun mulkin kai, a farkon shekarun 1960. A 1966 aka yi taro a Bamako, a ƙarƙashin UNESCO, don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Na ga tsofaffin takardun wancan zamani a hannun wani dattijo da ya yi wannan aiki kafin mu. Ana ninka wasali mai tsawo, sai ka ga "karaatuu" a inda muke rubuta "karatu". Daga baya aka bar wannan, aka matso kusa da rubutun Nijeriya, sai ɗan bambanci kamar harafin ƴ da muke amfani da shi. Ma'aikatar yaƙi da jahilci ta buga jaridar Ganga da waɗansu jaridun karkara, a 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda yara suka fara karatu da Hausa.

Ba na raina abin da magabatanmu suka buga. Littafin auna gyaɗa, da na lissafin ƙungiyar manoma, da na kula da jariri, duk sun yi amfani. Manomin da ya iya karanta sikeli ba a cuce shi a kasuwa ba. Amma ban taɓa ganin budurwar da ta hana idonta barci don ta ga ƙarshen littafin takin zamani ba. Labarin da matasanmu suka karanta don daɗi, kusan dukansa ta kan iyaka ya shigo, cikin kayan fatake masu zuwa Kano da Katsina da Daura, tare da atamfa da turare.

Abin da ya cika waɗannan kaya da littattafai ya faro ne a 1976, sa'ad da Nijeriya ta buɗe firamare kyauta ga kowa. Kafin shekara goma ga dubban samari da ƴanmata sun iya karanta Hausa. A 1980 NNPC ya buga littattafan da suka ci wata gasa tasa, cikinsu har da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake ɗauka shi ne littafin hikaya na farko da wata mace ta wallafa da Hausa. Duka biyun a kan soyayya suke, kuma a kan matasan zamaninsu. Ana cikin haka tattalin arzikin Nijeriya ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Masu karatu sun yi yawa, masu bugawa sun yi kaɗan. Sai matasa suka daina jiran kamfani, suka kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed tana cikin na farko da Rabin Raina. A Kano marubuta suka kafa ƙungiyoyi, wadda ta fi suna ita ce Raina Kama, su Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda littafinsa In Da So Da Ƙauna ya fito a 1991 ya zaga ko'ina, har rumfunan kasuwanninmu.

A nan ne aka haifi kashi na biyu. Marubucin da ba shi da jari ba zai iya buga dogon labari gaba ɗaya ba. Sai ya yanka shi biyu ko uku ko huɗu, ya buga na farko siriri yadda ɗalibi zai iya saye, ya tsaya daidai inda zuciya ta rataya. In na farko ya sayu, da kuɗinsa za a buga na biyu. In bai sayu ba, shi ke nan, amarya ta tsaya a bakin ƙofa har abada. Shafin ƙarshe kuwa shi ne tallarsu, a nan ake jera littattafan da ke tafe, waɗansu su fito, waɗansu sunan kawai aka taɓa gani. Wanda ba shi da kuɗin saye yakan yi haya a wurin mai shago, littafi guda ya bi hannu goma kafin ya mutu. Mu da ke nesa da Kano jiranmu ya ninka, don ko an buga na biyu, sai in falke ya ga dama ya ɗauko shi.

Cikin marubutan wannan zamani akwai wadda nakan ba ɗalibaina labarinta a ranar farko, watau Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, daga baya ta koma karatu a ajin manya a Kano, a kan benci irin namu. Ta rubuta Budurwar Zuciya a 1987, sa'an nan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. A 2012 wani kamfani a Indiya ya buga Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, fassarar Aliyu Kamal. In na faɗi wannan sai in ga mata sun gyara zama.

Littattafan sun sha suka. An ce suna ɓata tarbiyya, an ce kwaikwayon fim ɗin Indiya ne, aka yi musu laƙabi da adabin kasuwar Kano don a rage musu daraja. A 2001 Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i, a 2007 kuma aka ƙone waɗansu littattafai a bainar jama'a. Ni dai a ganina akwai gaskiya cikin sukar. Da yawa an rubuta su da gaggawa, ƙa'idar rubutu a karye, kowane saurayi da mota, kowace budurwa fara mai dogon gashi. Amma cikinsu ne aka fara maganar auren dole da kishi da sakin wulaƙanci da bakin waɗanda abin ya shafa. Kuma cikin matan da na koya wa karatu, waɗanda suka kamu da waɗannan littattafai ban ga wadda ta manta baƙi ba.

Yanzu kuma zamani ya juya. Takarda ta yi tsada, waɗansu marubuta sun koma fim, yawancin sababbi a waya suke rubutu, suna sakin labari shafi shafi ta WhatsApp da Wattpad, mai karatu ya biya ya shiga. Jiran shekara ya koma jiran kwana guda. A 2016 sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata don mata marubuta, ta fito da sababbin sunaye. Littafin takarda kuwa ya ja baya a kasuwanninmu, balle da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023. Abin da ya fi damuna shi ne, a ƙauye ba rubutun ke isowa ba, murya ce. Ana zuba wa mutum labarin da wani ya karanta a katin waya, ya saurara yana daka ko yana kiwo. Daɗi kam akwai. Amma mai sauraro ba ya bukatar baƙi ko ɗaya, kuma dalilin da ya kawo ɗalibata rumfa shi ne ta karanta da idonta.

A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Na yi murna, sa'an nan na tambayi kaina, me yaran za su karanta da shi? Littafin da nake ɗokin gani shi ne wanda yaron cikinsa ya tashi a ƙasar Tasawa ko Mayayi, yana ƙirga kuɗi da dala da jika. Wanda zai ba da labarin saurayin da ya bar gona ya tafi haƙar zinariya a Jado, da yarinyar da ke jiransa damina uku. Ko na matan da ke bin hanyar Agadas zuwa Aljeriya da goyo, ko na yunwar 2005 yadda yaro ya gan ta, ko na uban da ya hana a sare gawo a gonarsa har ƙasa ta farfaɗo. Masu iya ba da labari ba mu rasa su ba. Duk wanda ya ga wasannin Yazi Dogo da mutanensa na Damagaram ya san haka. Abin da ya kawo littattafai a 1934 da 1980 gasa ce da maɗaba'a mai ɗaukar nauyin bugawa. Abin da ya kawo su a Kano kuwa arhar bugu ce da ɗan kasuwa mai kai su ƙauye. Ko ɗaya daga cikin biyun muka samu a jihar Maraɗi, na tabbata rubutu zai fito.

Na ba wani falke sunan littafin ɗalibata da zai tafi Kano. Bayan mako uku ya dawo ya ce ya zaga bai samu ba, ya kawo mini kashi na uku na wani labari dabam. Na kai mata, na haɗa mata da kaye da bik, na ce kafin a samu nata, ta rubuta mini abin da take zaton ya faru a kashi na biyu. Ta ce, "Malam, ni?" Na ce ita.

Yanzu ta cika shafi tara. Ba ta sa aya sai ta gaji, kuma har yanzu tana rikita ɗ da d. Ta ɗauke yarinyar labarin daga Kano ta kawo ta gidan gwaggonta a Tasawa, ta sa mijin da aka tilasta mata ya biyo ta a kan babur, taya ta fashe masa a cikin rairayi. Ran Laraba ta karanta wa aji har nan, ta rufe kaye. Wata tsohuwa da ke zaune a bayan rumfa ta ce, "Ke ƴar nan, sai me ya faru?" Ta ce, "Inna, sai jibi."