Gasar Katin Magic: Yadda Wasa Ya Zama Sana'a, Da Yadda Mai Fili Ya Nuna Filin Nasa Ne

Waɗanda data ba ta bar su sun saurari shirin ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau tarihin wani wasan kati za mu taɓa. Na san da jin haka wani zai ce, "Haba, duk matsalolin da ke gabanmu, karta za ka kawo mana?" Ɗan yi haƙuri ka biyo ni. Wannan wasa akwai matasan da suka mayar da shi sana'a, suka zaga duniya da shi, suka ci dubban daloli, sai rana ɗaya kamfanin da ya ƙirƙire shi ya ce musu kowa ya nemi wata hanyar abinci. Yadda aka yi aka kai ga haka shi ne labarinmu.

Sunan wasan Magic: The Gathering. Bambancinsa da Whot ɗin da ake bugawa a majalisa shi ne, a Whot kowa daga kati ɗaya yake ja, abin da rabo ya ba ka shi ke nan. A Magic kuwa kowa da damin katinsa yake zuwa, wanda shi ya zauna ya haɗa da kansa. Katunan a cikin fakiti rufaffe ake sayar da su, a farkon wasan guda 15 a kowane fakiti, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka farke, kuma guda ɗaya ne kawai daga ciki mai wuyar samu. Kowane ɗan wasa yana farawa da maki 20 a matsayin ransa. Wanda ya fara ƙarar da na abokin karawarsa, shi ya ci.

Wanda ya ƙirƙiro shi wani masanin lissafi ne ɗan Amurka, Richard Garfield. A 1991, yana ɗalibin digirin digirgir a jami'ar Pennsylvania, ya kai wa wani ƙaramin kamfani mai suna Wizards of the Coast wani wasan allo da ya tsara. Mai kamfanin, Peter Adkison, a lokacin ma'aikacin Boeing ne, kamfanin nasa kuma a gidansa yake gudanar da shi. Ya ce wa Garfield ba shi da kuɗin buga wasan allo, amma in zai iya kawo wani abu mara nauyi, mai arhar bugawa, wanda mutum biyu za su gama cikin ɗan lokaci, to za a yi magana. Garfield ya koma ya kawo Magic. A watan Agusta na 1993 wasan ya fito kasuwa. Bugun farko kati miliyan 2.6 ne, kuma kafin a ankara ya ƙare ƙarƙaf.

To, daga nan matsala ta fara. Garfield ya yi zaton mutum zai sayi fakiti kaɗan ne ya yi wasa da abokansa, don haka ko da akwai kati mai ƙarfin gaske, ba zai wuce ɗaya ko biyu a unguwa ba. Ashe mutane kwali-kwali za su riƙa saya. Kuma a dokar farko babu iyaka ga yawan kati iri ɗaya da za ka zuba a daminka. Akwai wani kati da ake kira Black Lotus, wanda in ka haɗa shi da wasu katuna, ciki har da Channel da Fireball, kana iya gamawa da mutum a zagayen farko, tun bai ajiye kati ko ɗaya ba. Ka ga ke nan mai kuɗi ya ci wasa tun daga shago.

Akwai kuma wata doka da ta zo da wasan: kafin a fara, kowa zai ajiye kati ɗaya daga daminsa, wanda ya ci ya kwashe duka biyun. Ku da kanku kun san sunan wannan, caca ce. Mutane da yawa sun ƙi ta, ga kuma tsoron dokokin caca na hukuma. Gasannin kamfanin ba su yi aiki da ita ba, daga baya ma aka daina buga katunan da suka dogara da ita.

A 1994 kamfanin ya fara tsara gasa da gaske ta hannun wani sashe da ya kafa, wanda aka fi sani da DCI. Suka ce dami kada ya gaza kati 60, kuma kati iri ɗaya kada ya wuce huɗu, ban da katunan ƙasa na yau da kullum. Irin su Black Lotus aka ce ɗaya tak. A watan Agustan shekarar aka yi gasar duniya ta farko a birnin Milwaukee, inda Zak Dolan ɗan Amurka ya doke Bertrand Lestrée ɗan Faransa a wasan ƙarshe.

Duk da haka hankalin kamfanin bai kwanta ba. A daidai wannan lokaci kasuwar katunan 'yan wasan ƙwallo da ta littattafan zane a Amurka tana durƙushewa, saboda mutane sun saya don su ɓoye su sayar da tsada, masu bugawa kuma suka cika kasuwa da kaya. Magic ma ya ɗanɗana. A ƙarshen 1994 suka buga wani rukuni mai suna Fallen Empires fiye da kima, ya yi kwantai a shaguna. A 1995 suka sake buga wasu tsofaffin katuna, farashin na hannun mutane ya faɗi, masu tarawa suka yi ca a kansu. Don a lallashe su, a 1996 kamfanin ya fitar da jerin katunan da ya yi alkawarin ba zai ƙara bugawa ba har abada. Wannan alkawari na daga cikin dalilan da suka sa a watan Janairun 2021 aka sayar da Black Lotus guda ɗaya a eBay kan dala 511,100. Kati ɗaya fa, ɗan kwali da bai cika tafin hannu ba.

Tambayar da ke gaban kamfanin ita ce, ta yaya wasan zai wuce yayi ya daɗe? Amsar farko ta zo a 1995, da suka fito da wani tsarin gasa wanda sababbin katuna kawai ake shiga da su, tsofaffi kuma suna fita bayan ɗan lokaci. Wannan ya taimaki sabon shiga, don ba sai ya nemi katin 1993 ba. Amma ku lura da ɗaya gefen: duk mai son ci gaba da gasa, dole ya ci gaba da saye, shekara bayan shekara. Amsa ta biyu ta fito ne daga wani ma'aikacinsu, Skaff Elias, wanda ya ce a mayar da wasan kamar wasannin ƙwararru, a sa kuɗi mai tsoka, a samar da taurari, yadda yaro zai kalle su ya ce shi ma wata rana. Wannan shi ne Pro Tour.

An yi na farko a birnin New York a watan Fabrairun 1996, ana tsakiyar zubar dusar ƙanƙara. Michael Loconto ne ya ci, ya tafi da dala 12,000. Wanda ya doke a wasan ƙarshe? Lestrée ɗin nan dai na Faransa. Bawan Allah sau biyu yana zuwa bakin rijiya yana komawa da ƙishi.

Bari in ɗan faɗi yadda gasar take, don a gane cewa ƙwarewa ta shigo. Ba a fitar da mutum don ya faɗi sau ɗaya. Zagaye-zagaye ake yi, wanda ya ci a haɗa shi da wanda ya ci, wanda ya faɗi da wanda ya faɗi, a ƙarshe a ɗebi takwas na sama su yi sili-ɗaya-ƙwale. Akwai kuma wani salo da ya rage wa mai kuɗi ƙarfi sosai: mutum takwas su zauna a teburi, kowa ya farke sabon fakiti, ya zaɓi kati ɗaya, ya miƙa sauran ga na kusa da shi, haka har fakiti uku-uku su ƙare, sannan kowa ya haɗa dami mai kati 40 da abin da ya tsinta. A nan abin da ka baro a gida ba ya yi maka amfani, sai abin da ke kanka.

Kuma taurarin sun fito. Jon Finkel na Amurka ya zama zakaran duniya a 2000. Kai Budde na Jamus ya zama zakara a 1999, kuma ya ci manyan gasanni har bakwai cikin 'yan shekaru, abin da sa'a kaɗai ba ta isa ta ba mutum ba. Tashar ESPN2 ta riƙa nuna gasar a talabijin. Dabarar ta yi aiki har wasu suka bi sahu: katin Pokémon ya fito a Japan a 1996, na Yu-Gi-Oh! a 1999, kowanne daga baya ya kafa tasa gasar duniya. A 1999 kamfanin kayan wasa na Hasbro ya saye Wizards of the Coast kan kusan dala miliyan 325. Kamfanin da aka fara a cikin gida ke nan, shekara tara da kafuwa.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa. A ƙwallon ƙafa, babu kamfanin da ya mallaki ƙwallon. In ka ɓata da wata hukuma, za ka iya buga wasanka a wani fili. A Magic kuwa kamfani ɗaya ne yake buga katin, shi yake rubuta doka, shi yake hana kati ko ya halatta shi, shi yake shirya babbar gasar, shi yake biyan lada. Gasar kuma a wurinsa talla ce, an kafa ta ne don fakiti ya shiga kasuwa. 'Yan wasan ba ma'aikatansa ba ne, ba su da ƙungiyar ƙwadago. Mutum kaɗan ne a can sama suke samun abin da zai riƙe su, sauran kuɗin jirgi da na otal kan cinye abin da suka ci. Shi ya sa wasu zaƙaƙurai suka bar fagen. Finkel ya koma harkar zuba jari, wasu suka faɗa karta ta kuɗi.

A watan Afrilun 2016, ana tsakiyar Pro Tour a Madrid, kamfanin ya sanar da cewa kuɗin halarta da yake ba 'yan wasa mafi girman matsayi zai sauko daga dala 3,000 zuwa dala 250 a kowace gasa. Mutanen nan sun riga sun kwashe watanni suna tafiye-tafiye da kuɗinsu don su kai wannan matsayi. Sai suka haɗa kai, su da magoya bayansu, suka cika Twitter da kiran a biya ƙwararru haƙƙinsu. Cikin kwana biyu kamfanin ya ba da haƙuri, ya mayar da kuɗin na kakar da ke tafe. A watan Satumban 2018 kuma, Gerry Thompson, ɗaya daga cikin mutum 24 kacal da suka samu gurbin gasar duniya a Las Vegas, ya ƙi shiga. Ya rubuta dalilansa a fili: ƙarancin lada, rashin tallata 'yan wasa, rashin sauraron su, da sakaci wajen hukunta masu maguɗi. Mutum ya bar kujerar da dubbai ke mafarkinta don a ji kukan 'yan uwansa.

Kamar an ji. A watan Disambar 2018 kamfanin ya kafa wata ƙungiyar ƙwararru mai mutum 32, kowanne da kwantiragin dala 75,000 a shekara, ya kuma ware dala miliyan 10 ta lada a 2019. A watan Fabrairun 2020 Paulo Vitor Damo da Rosa, ɗan Brazil, ya ci gasar duniya a Honolulu, ya karɓi dala 300,000. Kowa ya ɗauka sana'a ta kafu.

Sai a watan Mayun 2021 kamfanin ya sanar da cewa zai rushe ƙungiyar bayan kaka ɗaya, kuma ya nuna wa 'yan wasan cewa kada su ƙara ɗaukar gasar a matsayin aikin da za su rayu da shi. Kada ku zaci talauci ne ya kama kamfanin. A 2022 cinikin Magic ya haura dala biliyan ɗaya a shekara, karo na farko. Abin da ya faru shi ne kasuwa ta juya. Masu wasa don nishaɗi da masu tara kati sun zama su ne manyan masu saye, har mawaƙin nan Post Malone ya sayi kati ɗaya kan kusan dala miliyan 2 a 2023. Tallar da aka kafa a 1996 ta gama aikinta. An dawo da sunan Pro Tour a watan Fabrairun 2023 a Philadelphia, Reid Duke ya ci, ana kuma ci gaba da ba da lada, amma albashin nan ya tafi.

Ban kawo wannan tarihi don in ce gasar yaudara ce ba. Ta yi abin kirki: ta raba wasan da caca, ta rage fifikon mai kuɗi, ta sa yaro daga Brazil ko Japan ya zauna teburi ɗaya da ɗan Amurka ya doke shi da tunani. Amma ta nuna mana cewa wanda ya hau dokin aro, ko ya fi kowa iya sukuwa, ranar da mai doki ya ce sauka, sauka zai yi. Da yawanmu yau muna gina suna da abinci a kan TikTok, YouTube da Facebook, wasu a gasannin wasan waya. Su ma kowanne da mai shi, kuma yana iya sauya tsarin biya gobe da safe ba tare da ya tambaye ka ba. Don haka ka tambayi kanka, in an rufe filin yau, me zan fita da shi a hannuna? Sannan ka tuna 2016: lokacin da 'yan wasan suka yi magana da murya ɗaya, kwana biyu kacal kamfanin ya ɗauka ya janye.

Nan za mu tsaya a yau. Wanda ya taɓa ganin irin wannan a harkarsa, ya ba mu labari, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.